Yadda Ake Zama Gwarzon Miji da Wanke Kofi Ɗaya

Kai maigida, rage ƙarar talabijin ɗin nan ka matso. Idan ka bi matakan da ke ƙasa yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka shekara goma hannunka bai taɓa soson wanke-wanke ba, kuma a gidan surukanka da kai za a riƙa ba da misali. Ba sai ka ɗaga murya ba, ba sai ka haɗe rai ba. Wanda ya gwada bai dace ba, to ya tsallake wani mataki ne, ba laifina ba.

Sirrin guda ɗaya ne tak. Hankalin ɗan Adam akuya ce: inda aka fara kafa mata turke, nan za ta yi ta kewaye iya tsawon igiyarta. Abin da mutum ya fara gani ko ya fara ji, da shi yake auna duk abin da ya biyo baya, ko da na farkon shirme ne. Masana sun cika littattafai a kan wannan, amma masu iya magana sun riga su da kalma uku, suka ce sabo turken wawa.

Ba zan cika ka da dogon turanci ba. Zan koya maka ne da labarin ɗalibina mafi hazaƙa, wani mai gyaran waya da kowa ke kira Injiniya. Abu biyu bawan Allahn nan yake so a duniya: a ƙyale shi ya miƙe ƙafa a kujerar falo, kuma babbar 'yarsa ta ci gaba da ganin duk duniya babu kamar babanta. Na farkon shi ne darasinmu. Na biyun kuwa tun farko na gaya masa ba ya cikin manhaja, ya ce zai iya riƙe duka biyun.

Mataki na ɗaya: Kafa turkenka tun fentin ɗaki bai bushe ba

A shago Injiniya ya fara gano abin. In aka kawo masa waya ta faɗa ruwa, sai ya juya ta, ya shinshina wurin caji, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wannan sai mako biyu, in ma ta tashi." Bayan kwana uku ya kira mai ita. Mutum ya zo yana zuba masa addu'a har da iyayensa. Mai gyaran da ke kusa da shi kuwa, mutumin kirki, cewa yake "gobe", ya ba da ita jibi, a zage shi tas a gaban jama'a. Aikinsu ɗaya, na kusan ma ya fi sauri, amma nasa turken a kusa ya kafa.

Da Injiniya ya yi aure, sai ya ɗauko dabarar ya kawo gida. Matarsa malamar makaranta ce, shi ma Malama yake ce mata. A makon farko, tana guga, ta ce ya taimaka ya ɗora ruwan shayi. Ya ce, "An gama." Ya shiga kicin, ya kunna gas, ya ɗora buta babu ko ɗigon ruwa a ciki, ya dawo falo ya zauna. Ba a jima ba warin robar marfi ya cika gidan. Malama ta fito a guje ta kashe wuta, ta juyo ta same shi a bakin ƙofa ya yi kalar tausayi.

"Na ɗauka da ruwa a ciki," in ji shi.

Ta yi dariya har da hawaye, ta tura shi waje da hannu biyu. "Fita mini daga kicin kafin ka ƙona mu da ranmu."

Ka haddace wannan jimla, domin ita ake nema. Buta ɗaya ya yi asara, kuma ba mai tsada ba ce.

Abin da Malama ba ta sani ba shi ne, mutumin nan ya yi shekaru yana zaman kansa a ɗakin haya, kuma in ya ɗora miya har masu ɗakin ƙarshe sai sun leƙo da kwano. Mutumin da ke ɗaukar abu ƙarami kamar ƙwayar gero da hantsaki ya liƙe shi da dalma a cikin waya, wai shi ne bai iya duba cikin buta ba. Amma amarya ba ta yi wannan lissafin ba, kuma kada ka ga laifinta, abin da ta fara gani ke nan.

Mataki na biyu: Toshe bakin shaidu

Duk wanda ya taɓa cin girkinka a zamanin samartaka maƙiyinka ne. Wata rana wani tsohon abokin Injiniya ya zo cin abinci, ya buɗe baki ya ce, "Ai mutumin nan in ya dafa taliya..." Injiniya ya taka masa ɗan yatsa a ƙarƙashin tebur har sai da ya ƙware. Tun daga ranar abokin nan bai ƙara biyan kuɗin gyaran waya ba, shi da matarsa da ƙannen matarsa.

Mataki na uku: Kada ka taɓa cewa a'a

Wannan ne ke kayar da sababbin shiga. Mijin da ya ce "ba zan yi ba" azzalumi ne, za a kai ƙararsa. Mijin da ya ce "kawo in yi" da fara'a, sannan ya yi ta tambaya, shi ake tausaya wa.

Dubi gwani yadda yake yi. Malama ta dawo daga makaranta a gajiye, ga tarin takardun jarrabawa za ta duba, ta ce ya shanya kayan da ta wanke.

"To Malama. A wace igiya?"

"Igiya ɗaya ce a gidan nan, Baban Auta."

"Fararen a dama ko a hagu?"

"Ko'ina."

"Wannan rigar juya ta ake ko haka ake barin ta? Kada in ɓata miki."

Ya tafi, ya dawo da safa ɗaya a hannu yana tambayar ina 'yar uwarta. Kafin tambaya ta bakwai Malama ta ajiye jan biro ta karɓi bokitin. Shi kuma ya bi ta har bakin igiya yana cewa ai da ta bari ya koya. Ka lura, bai ƙi aiki ba, ƙwace masa aka yi.

Nasiha: duk abin da ka tambayi inda yake, ka tabbata yana gaban idonka. Cokali ya fi dacewa.

Mataki na huɗu: Wanke kofi ɗaya, amma ba kullum ba

In turke ya kafu, sai a fara cin riba. Wata safiya Injiniya ya sha shayi, ya tashi da kansa, ya je famfo ya ɗauraye kofin, ya kife shi. Ya koma falo ya zauna. Malama ta shigo ta tsaya a kan kofin nan kamar ta ga baƙo daga nesa. Kafin azahar yayarta, wadda yara ke kira Anti, ta ji labari a waya. Kafin magariba surukarsa ta aiko a gaishe shi, ta ce dama ita tun ranar farko ta ga alamar tausayi a fuskar yaron nan.

A ranar Malama ta wanke tukwane uku, faranti goma sha wani abu, da kwanon abincin makarantar yara mai maiƙon da ba ya fita sai da ruwan zafi. Babu wanda ya kira kowa a waya a kan wannan, domin ita nata turken tun tuni a can nesa aka kafa shi.

Kada zaƙin yabo ya ɗebe ka ka maimaita gobe. In ka yi sau uku a jere ya zama aikinka. Ka bar tazara mai kyau, har sai an fara mantawa.

Mataki na biyar: Ka samu maƙwabcin da zai zame maka izina

A saman benen su Injiniya akwai wani akawu. Wannan bawan Allah, soyayya ta ɗebe shi a makon farkon aurensa, ya yi girki, ya yi shara, ya goge har zanin gado. Shi ke nan ya kashe kansa. Yau shekara tara yana kai yara makaranta, ya biya kasuwa, ya dawo ya yi wa jariri wanka, amma ran da ya manta bai sayo albasa ba, duk benen sai da ya ji. "Dā ba haka kake ba," in ji matarsa. "Ka canza."

Injiniya yana kwance a kujera yana jin su ta silin, yana girgiza kai. Da suka haɗu a matakala, Akawu na ɗauke da jarkar ruwa a kowane hannu, ya ce, "Injiniya, wai kai wace addu'a kake yi ne?"

"Haƙuri, Akawu. Zaman aure sai haƙuri."

In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Amma kada ka karɓar masa jarka ko ɗaya, ana iya hango ka ta taga.

Mataki na shida: Riƙe zuciyar yara da abin da ba ya sa gumi

'Ya'yansa biyu. Auta ɗan shekara huɗu, sai babbar, 'yar shekara goma, wadda ake kira Lauya saboda kafin a gama magana da ita sai ta ce "to amma". Ita ce hasken idonsa, wannan ba wasa a ciki. Ran Asabar takan bi shi shago, ta zauna a dogon benci tana riƙe masa ƙananan kusoshin waya a cikin marfin kwalba. In matacciyar waya ta kawo haske, sai ta dubi mai ita ta ce, "Na gaya maka Babana zai tashe ta." A irin wannan lokacin Injiniya ji yake kamar ƙirjinsa zai fashe don daɗi.

A gida kuwa, tun tana 'yar bakwai ta fara taka kujera 'yar tsuguno don ta kai famfon kicin, saboda Mama na dawowa a makare. In tana shara ta iso falo, takan ce, "Baba, ƙafa." Ya ɗaga, ta share, ya sauke.

Nasiha: in yarinya na shara a gabanka, kada ka daɗe kana kallonta. Ka dubi talabijin. Ɗalibai da yawa a nan suka lalace.

Mataki na bakwai: Ranar wanka, ka ɓoye cibinka

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarya ne, gwani yana ɓoyewa.

Malama ta daɗe tana fama da ciwo a gefen ciki. Likita ya duba ya ce tsakuwa ce a matsarmama, sai an yi aiki, za a kwantar da ita kamar mako guda. Anti ta zo, aka zauna a falo ana shawarar inda yara za su zauna. Anti ta ce ta ɗauke su, sai dai gidanta da nisa daga makaranta. Malama ta ce ko a roƙi matar Akawu. Lauya ta ce to amma Auta ba ya barci a baƙon wuri sai da bargonsa. Aka yi ta juya magana. Injiniya yana zaune a tsakiyarsu, rimot a cinya, babu wanda ya ko kalli inda yake.

Ɗalibi, wannan ita ce takardar shaidar kammala karatu. Uban yara na zaune da ransa da lafiyarsa, ana neman inda za a kai yara, kuma ko a zuciyar mutum ɗaya sunansa bai faɗo ba. Abin da ya rage kawai ya yi shiru ya karɓi sakamako.

Sai ya ba ni kunya. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ai ina nan. Su zauna a gida mana."

Anti ta dube shi ta saman tabarau. "Injiniya, bar wasa, maganar gaske muke yi."

Malama ta dafe gefen cikinta. "Don Allah Baban Auta kada ka ba ni dariya, wurin nan ciwo yake."

Lauya ba ta yi dariya ba. Ta dafa gwiwarsa ta ce, "Kada ka damu Baba, mako ɗaya ne kawai." Wannan ya fi dariyar yi masa zafi.

Mataki na takwas: In ka yi kuskuren jan turke, ka san yadda za ka mayar da shi

Washegari, ana gobe za a kwantar da Malama, Injiniya ya rufe shago da hantsi. Ya biya kasuwa ya sayo kaza, tumatir, albasa da kayan ƙamshi. Gidan ba kowa. Ya naɗe hannun riga ya shiga kicin ɗin da aka kore shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Hannu bai manta ba. Ya yanka albasa siri-siri, ya soya miya har mai ya taso, ya dafa shinkafa wara-wara, ya wanke tukwane ya goge gas, har bayan firij sai da ya share. Da ya gama ya tsaya yana haki, yana jin wani irin daɗi da ya manta da shi.

Malama da yara suka dawo gaba ɗaya, har da Anti da ta zo ɗaukar kayan yara. Ƙamshi ya tare su tun daga matakala.

"Allah sarki matar Akawu," in ji Malama. "Ba ta gajiya."

"Ni na dafa."

Anti ta wuce kicin ta buɗe kwandon shara tana neman robar gidan abinci. Ɓawon albasa ta tarar. Ya nuna musu inda mai ya fallatsar masa a hannu. Aka zauna aka ci, Auta ya nemi ƙari. Anti ta ce lallai yau an yi sa'a, wani lokacin makaho ma yakan tsinci allura.

Ka ga aikin turke? Kaza guda ta shiga cikinsu, amma akuyar taku ɗaya ta matsa: daga "bai iya dafa ruwa ba" zuwa "ya taɓa yin sa'a sau ɗaya".

Malama ce kaɗai ba ta gamsu ba. Ta sake ɗibar miyar a bakin cokali, ta ɗanɗana a hankali, ta ajiye. Mace mai girki ta san hannun da ya saba. Ta daɗe tana kallonsa, ba fushi a fuskarta, sai gajiya.

"Baban Auta," ta ce a hankali, "dama ka iya?"

Lauya ta ɗago kai tana jiran amsa. In ya ce e, yara za su zauna a gida, amma sai ya yi bayanin shekara goma sha ɗaya, a gaban Anti, a gaban yarinyar da ke taka kujera ta kai famfo. In ya ce a'a, komai ya koma yadda yake.

"Ina fa," in ji Injiniya. "A waya na kalla, ina yi ina tsayar da bidiyon."

Malama ta gyaɗa kai ta ce, "To sannu da ƙoƙari." Anti ta tashi ta ci gaba da haɗa kaya. A nan na san ban yi asarar koyarwa ba.

Da za su tafi, Lauya ta ce a jira ta. Ta haura sama da gudu ta ƙwanƙwasa ƙofar Akawu. Injiniya na tsaye a ƙasa da jakar Auta a hannu, ya ji muryarta ta gangaro ta matakala tana ce wa matar Akawu: "Don Allah Anti, ku riƙa leƙa mana Baba. Bai iya zama shi kaɗai ba."

Mataki na tara: Zauna ka ci ribarka

Aiki ya yi kyau, Malama ta farfaɗo lafiya. Gida ya zama na Injiniya shi kaɗai: kujera tasa, rimot nasa, babu mai cewa ya ɗaga ƙafa. Matar Akawu na aiko da abinci a rufe safe da yamma. Duk abin da na yi alkawari ya samu, har da ƙari. Sai dai ya riƙa kunna talabijin ya bar ta tana yi, shi yana tsaye a ƙofar ɗakin yara.

Kullum da la'asar yana zuwa asibiti da lemo a leda. Ran nan ya tarar Anti ta kawo yara. Auta ya rugo ya rungume ƙafarsa. Da ya ɗaga shi, sai ya ga filasta a bayan hannun yaron, irin wadda ake liƙawa bayan an cire ƙarin ruwa.

"Me ya same shi?"

"Au, ba ka ji ba?" in ji Anti tana gyara wa Malama matashi. "Shekaranjiya ne, zazzaɓi da amai, har ya fara sanƙarewa. Ni na rikice, ga babu mota. Allah ya yi wa Akawu albarka, shi ya zo ya kai mu, bai tafi ba sai da aka sallame mu."

Injiniya ya tsaya da yaro a kafaɗa. Akawu, wanda in zai fita dole ya sauko ta gaban ƙofarsa. Ya tuna ma ya ji saukowar wani da sauri a ranar, har ya ƙara sautin talabijin.

"Wa ya kira Akawu?"

"Ni ce," in ji Lauya. Tana zaune a gefen gadon tana ɓare wa mamanta lemo.

"Ba ki da lambata ne?"

"Na haddace ta, Baba."

"To me ya hana ki kira ni?"

Ta ɗago ta dube shi. Babu rashin kunya a idonta, babu gori. Da irin fuskar da take kallonsa a shago ta kalle shi, tana son ta sani da gaske.

"To amma Baba, da na kira ka, me za ka yi?"

Malama ta juya fuskarta wajen bango. Lauya na riƙe da ɓarin lemo, tana jiran amsa.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba shi da alhakin ƙonewar buta, lalacewar zumunci da maƙwabta, ko rashin barcin da ka iya samun ɗalibi a gidan da ya yi shiru. Alkawarin da na yi na hutu ne da yabon surukai, kuma na cika. An ce mini Injiniya yanzu shi ke tashi ya haɗa wa yara abin karyawa, kuma har yau in ya gama ana ce masa sannu da ƙoƙari, Lauya na bin bayansa tana duba ko ya kashe gas. Wannan tsakaninsa da iyalinsa ne, ni ban aike shi ba. Duk wanda 'yarsa ta yi masa irin waccan tambaya, kada ya kawo mini ita. Na duba takarduna kaf, amsarta ba ta ciki.